Umaru da Fil Mai Murfi

Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake wannan magana. Sunansa Umaru. Daga Sterling har Manassas, a nan Amurka, duk inda 'yan Arewa suke taruwa, Injiniya ake ce masa, shi kuma yana amsawa da wata irin gyaɗa kai ta ƙasaita. Aikinsa na gaskiya jan waya ne. A cikin manyan gine-ginen nan marasa taga da suka cika bayan filin jirgin Dulles, inda na'urori ke ta gurnani cikin sanyi, akwai masu zare waya daga wannan rami su soka a wancan. Umaru ɗaya ne daga cikinsu. Aiki ne na halal, da shi yake ciyar da iyali, ban raina shi ba. Sunan da ya ɗora a kai ne na raina.

A Gwammaja aka haife mu, cikin Kano. Mu biyar mata muka riga shi zuwa duniya, shi ne auta, shi ne kuma namiji tilo. Tun yana tatata aka kafa doka a gidanmu: idan Umaru ya kira suna, mai sunan ta amsa kafin ya rufe baki. Kina daka ne, kina wanka ne, ko lomar tuwo ce a bakinki, ba ruwan kowa. "Na'am" za ki ce, da ƙarfi, yadda zai ji. In kika yi jinkiri, Inna, Allah ya jiƙanta, za ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ba kya jin ɗan'uwanki na kira ne?" Kuma kiran ba na komai ba ne. Ina takalmina. Ina hulata. Wa ya taɓa min batir. Sau da yawa abin da yake nema yana gabansa, idonsa ne bai ga dama ba.

Da wannan ya girma, da kuma wani ciwo na biyu, wato kwance kaya. Ya kwance rediyon Baba, ya kwance agogon bango, ya kwance keken ɗinkin Inna har sai da aka kira mai gyara daga Sabon Gari. Babu abin da ya taɓa kwancewa ya mayar yadda yake. Inna kuwa sai ta dube shi cikin tarin kusoshi ta ce, "Kan yaron nan akwai abu a ciki." Akwai kam. Har yau muna jiran ya fito.

Ni na riga shi zuwa Amurka. Na biyo mijina, muka zauna a Alexandria, a saman ɗaya daga cikin dogayen benayen West End. Umaru ya ci cacar biza a shekarun da ake yi da 'yan Najeriya, ya sauka a falona, ya yi watanni yana kiran sunana daga banɗaki don in miƙo masa tawul. Da ya sami aiki ya kama gida a Sterling, sai ya koma ya auro Rabi, malamar firamare daga Zariya.

Rabi mace ce mai sanyi, ba ta da hayaniya. Abin da kowa ya fara lura da shi a wurinta murya ce. In tana karatun Alƙur'ani a ɗaki, sai ki ajiye abin da kike yi. In tana yi wa 'yarsu Zahra waƙar reno, har ni babba nakan ji barci. Ba ta kiran sunan mijinta, Abban Zahra take ce masa. Ba a daɗe ba ta gane dokar gidanmu ta Gwammaja ta haye teku tare da shi, kuma ita kaɗai za ta ɗauki aikin da mata biyar muke rabawa.

Ta sami aiki a wani gidan renon yara. A can dogon hijabi bai yi mata ba, yara na ja, yana shiga kwanon abinci. Sai ta koyi naɗa ƙaramin gyale irin na abokan aikinta 'yan Somaliya, a kama shi da fil, wato siririyar allurar nan mai ɗan kan roba. Duk macen da ta taɓa naɗa gyale ta san yadda abin yake. Hannu ɗaya na riƙe da gefen da ke ƙarƙashin haɓa, ɗayan na zagaya sauran ta saman kai. Hannu ya ƙare ke nan. Fil kuwa sai a daddanne shi tsakanin leɓe, a riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya. Ba daidai ba ne, amma haka ake yi.

Umaru bai san haka ake yi ba, domin bai taɓa tsayawa ya gani ba. Shi shirinsa zura riga ne da ɗora hula. Da ya gama sai ya fita mota ya kwanta a kan hon. Maƙwabciyarsu Constance, wata dattijuwa baƙar fatar Amurka da ta yi ritaya daga gidan waya, ta fito wata rana ta ƙwanƙwasa masa gilashi, ta gaya masa abin da ya sawwaƙa. Tun daga ranar ya bar hon. Ya koma tsayawa a gindin matakala yana ɗaga murya sama.

Ranar da abin ya faru safiyar Ƙaramar Sallah ce. Kowa ya san in ba ka fita da wuri ba, wurin ajiye mota a babban masallacin Sterling cika yake. Umaru ya sha shadda, yana gindin matakala. Rabi na sama gaban madubi, hannu biyu a kai, fil a baki.

"Rabi!"

Ta yi ƙoƙarin soka na farko don ta sami baki.

"Rabi! Wai ba kya ji ne?"

Sai ta ja numfashi don ta ce na'am. Fil ɗaya ya bi iskar ya wuce.

Makullin mota yake nema. Yana aljihun babbar rigarsa.

Na iske su a asibiti da kayan Sallah a jikina. Hoton ƙirji ya nuna fil ɗin a kwance cikin huhunta na dama, siriri, fari tas. Aka zura mata wani bututu mai kyamara ta maƙogwaro don a ciro shi. Bai fito da sauƙi ba, ya maƙale, aka daɗe ana fama. An ciro shi dai, alhamdu lillahi, amma maƙogwaron ya ji jiki. Da ta farfaɗo ta buɗe baki za ta gaishe ni, abin da ya fito wata dusasshiyar murya ce kamar ta mai tsohuwar mura. Muka ce kwana biyu za ta washe. Ba ta washe ba.

Likitar da ta yi aikin ta zaunar da mu ta ce ba wannan ne karon farko da ta ga irin haka ba a wurin mata masu naɗa gyale. Ta ce abu biyu ne ke haɗuwa: fil a baki, da kuma magana ko dariya ko firgita a daidai lokacin. Ina zaune ina kallon ƙanina, ina jiran in ga fuskarsa ta canza. Sai ya gyara zama ya tambayi likita ko za a iya ba shi fil ɗin.

Aka ba shi a cikin 'yar kwalba. Ya ɗaga ta sama yana juyawa a hasken fitila, matarsa na kwance ana ƙara mata ruwa.

"Yaya Hasiya, kin ga matsalar?" in ji shi. "Dizayin ɗin ne. Abin nan ba shi da safety ko kaɗan. Shekara da shekaru mata na amfani da shi, ba wanda ya zauna ya yi tunani. To, ni zan zauna."

Wallahi da ba a asibiti muke ba, da na kwaɗa masa jakata.

Ya zauna kuwa. Ya fitar da mota daga gareji, ya kafa tebur, ya rataya fitila, ya sayo wani inji mai narka roba yana fitar da duk siffar da aka zana masa a kwamfuta. 'Yar kwalbar nan ya ɗora ta a kan kanta, yana nuna wa baƙi. Duk wanda ya je gidan sai ya ji labarin yadda Allah ya jarrabi iyalinsa don ya zama sanadin tsirar matan Musulmi. Rabi na kawo musu shayi tana ji.

Ilhamarsa ta farko daga kan Constance ta zo. Ran Lahadi dattijuwar nan takan fito za ta coci da wata hula mai faɗin faifai, an kafe ta a gashi da wani dogon fil kamar tsinken tsire. A bakin tsinin akwai ɗan murfi na ƙarfe. Umaru ya tare ta a ƙofar gida, ya sa ta cire, ya auna, ya ɗauki hoto ta gaba da ta baya. Ta gaya masa na kakarta ne, murfin kuma don kada tsinin ya soki na kusa da ita a benci. Ya dawo gida yana rawar jiki. Mutumin da ya yi shekaru da mace a gida ɗaya bai taɓa kallon yadda take ɗaura kai ba, ga shi ya ɓata safiya guda yana nazarin hular maƙwabciya.

Amma bai fara da murfin ba, sai da ya zagaya. Na farko da ya ƙera na maganaɗisu ne, ƙarfe biyu masu manne wa juna ta cikin gyale. Rabi ta gaya masa a hankali cewa ana sayar da irinsu a shagon masallaci. Ya ce nasa ya fi ƙarfi. Ya fi kuwa, domin ranar da ta gwada ya cafko ɗan kunnenta ya kusa tsaga mata kunne. Na biyu fil ne mai kai kamar goro, wai don ya fi ƙarfin maƙogwaro. Nauyinsa ya janye mata gyale a tsakiyar wurin ajiye motoci, ta tsaya da kai a buɗe tana rarumar zane a gaban mutane. Umaru ya ce ba ta soka shi daidai ba ne.

Da Rabi ta gaji da zama abin gwaji, sai ya je wani shagon gashin kanti a Manassas ya sayo kan mutum-mutumi na soso. Wannan kai ya fi kowa dacewa da shi a duniya. Yakan yafa masa gyale, ya manne gefe da gefe da salatif, sannan ya zo da hannunsa biyu a sake ya soka fil ya rufe murfi, ya ja da baya yana murmushi. Kan soso ba shi da hannun da zai gaji, ba shi da bakin da zai riƙe komai, kuma ba a kiransa daga gindin matakala. A kansa kowane fil na Umaru ya ci jarrabawa.

Na taɓa shiga garejin na rufe ƙofa, don kada Rabi ta ji.

"Umaru," na ce, domin ni ban taɓa ce masa Injiniya ba, "fil ne ya kira ta ranar nan?"

"Ban gane ba, Yaya."

"Ka gane sarai. Shekara nawa tana sa fil a baki bai wuce ba? Me ya sa ya wuce ranar? Bakinka ne ke son murfi, ba fil ba."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta mai haƙuri da jahilai. "Yaya, ke kullum emotion. Mu muna maganar solution ne. Yanzu so kike mutum ya daina kiran matarsa a gidansa? Ai ko a addini, miji ya kira, mace ta amsa."

Na ce, "A wane littafin aka ce ta amsa da allura a baki?"

Ya kunna injinsa, ƙarar ta rufe maganar.

Ita dai Rabi ta yi wa kanta magani tun fitowarta daga asibiti. Ta ɗinka wani ɗan matashi kamar tafin hannu, ta rataye a jikin madubi, a nan take soke fil ɗinta. Ba ta ƙara kai ko ɗaya baki ba. Kiran kuma ta ci gaba da amsawa, sai dai yanzu muryar ba ta sauka matakala, sai ta fito ta leƙo. Shi kuma yana ƙorafin ta rage ladabi.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi shiru na bar su, aurensu ne. Amma Zahra ta girma. Ta shiga makarantar sakandare, ta fara naɗa gyale da kanta. Yarinya ce haifaffiyar nan, tana jin Hausa tas amma da Turanci take mayarwa. Abu ɗaya ne ubanta bai bari Amurka ta taɓa ba: in ya kira, ta amsa nan take. In ta yi jinkiri ko kaɗan, ranar za ta sha wa'azi a kan 'ya'yan ƙasar nan marasa tarbiyya, har abinci ya huce. Don haka yarinyar ta tashi da kunne a gindin matakala.

Wata Asabar na je gidan za mu tafi suna tare. Ina zaune a bakin gado a ɗakin Zahra, Rabi na tsaye a ƙofa. Yarinyar na gaban madubi tana sauri, domin mun ji ubanta ya fara zirga-zirga a ƙasa. Uwarta ta ɗinka mata ɗan matashi ita ma, ga shi nan a rataye. Amma mai sauri ba ta bi ta kan matashi. Sai na ga ta ɗebo fil ta daddanne a leɓe, ta ɗaga hannu biyu.

"Zahra!"

"Coming, Abba!" ta faɗa ta gefen baki.

Allah ya tsare, ba abin da ya wuce. Na juya na dubi Rabi. Ta dafe ƙofa, fuskarta ta yi fari fat, bakinta na motsi ba sauti. Tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda ban gani a fuskarta ba ko ranar da take kwance a asibiti.

Ta yi wa yarinyar faɗa, ta yi kuka, Zahra ta rantse ba za ta ƙara ba. Ta kuma sami mijinta ta roƙe shi. Ta ce, "Abban Zahra, don girman Allah, in muna sama muna shiri, ka yi haƙuri mu sauko." Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai saboda Zahra yake wannan wahalar, fil mai murfi ya kusa fitowa. Da ya fito, in ji shi, magana ta ƙare.

Ya fito kuwa. Siririn fil ne, a bakin tsininsa akwai ɗan murfin roba kamar ƙwayar wake, irin na Constance amma ƙarami. Za a zare murfin, a soka, a mayar. Umaru ya nemi shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan Arewa su ba shi fili a walimar bayan Babbar Sallah, wadda ake yi a wani zauren haya a Manassas. Suka ba shi, domin ba wanda ke son ya yi ta kiransa a waya.

Zauren ya cika. Maza a gefe, mata a gefe, ga waina, ga naman Sallah. Akwai likitoci, akwai malaman jami'a, akwai 'yan'uwanmu na Gana da na Nijar da aka gayyato. Umaru ya hau dandamali da babbar riga, ya karɓi makirufo. Ya fara da ɗaga 'yar kwalbar nan. Ya ba da labarin huhun matarsa dalla-dalla, Rabi na zaune a layin gaba kusa da ni, kanta a ƙasa. Maganar makulli ce kawai ya manta.

Sannan ya kira Zahra ta hau, don a ga abin a kan mutum. Ta hau da ƙaramar hular da ake sawa a ƙarƙashi, ya miƙa mata gyale da fil ɗaya, ya ce ta naɗa a gaban jama'a. Ya juya mata baya ya fuskanci maza, ya ci gaba da bayani. Ko a ranar ma bai kalla ba.

Mu mata muka kalla. Zahra ta yafa gyalen, ta kama ƙarƙashin haɓa da hagu, ta zagaya da dama, ta danne. Fil na tsakanin yatsunta na dama, murfi a rufe. Zare murfin na son hannu biyu, ita kuma ɗaya gare ta, in ta saki hagu duk naɗin zai warware a gaban mutane. Ta yi abin da kowace mace za ta yi. Ta kai fil ɗin baki ta cije murfin ta zare. Ɗan wake ya zauna a bakinta, ta shiga neman inda za ta soka.

Na ji Rabi ta damƙe min hannu.

"Kun ga ko yaro zai iya," in ji Umaru a makirufo, yana kallon layin likitoci. "Zahra, gaya musu. Da sauƙi ko ba sauƙi?"

Yarinyar ta datse leɓe a kan murfin, idonta ya firfito.

"Zahra!"

Ita ce muryar gindin matakala, lasifika ta ninka ta. Na ga kafaɗun yarinyar sun ɗaga, za ta ja numfashi. Rabi ta ce, "Kada ki amsa!" Ni kaɗai na ji, domin muryar ba ta wuce kujerarmu ba. Ba ta da abin da za ta yi ihu da shi, mijinta ya riga ya karɓe.

Ban san lokacin da ta tashi ba. Na dai gan ta a kan dandamali. Umaru ya buɗe baki zai sake kira, har ya fara, "Zah...", sai tafin hannun Rabi ya sauka a kan bakinsa ya rufe ruf. A gaban maza, a gaban limami, a gaban baƙi. Matar da ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ta riƙe shi haka, ta miƙa ɗaya hannun ƙarƙashin haɓar 'yarta. Zahra ta sunkuyo a hankali ta tofo murfin.

Rabi ta sauke hannunta daga bakinsa, ta kamo nasa hannun ta buɗe, ta ajiye masa ɗan murfin da yawunsa. Ta gyara wa Zahra gyale, ta riƙo ta suka sauko.

Umaru ya tsaya yana kallon abin da ke tafinsa. Na ce a raina, yau dai ko dutse ne ya ji. Sai ya kai makirufo baki ya ce, "To, jama'a, wannan shi ake kira feedback. Murfin na buƙatar igiya."

Wata tsohuwa 'yar Kumasi da ke bayana ta yi tsaki mai tsawo, har aka juyo ana kallonta.

An yi surutu, ba sai na faɗa ba. Wasu mazan suka ce Rabi ta ci mutuncin mijinta. Matansu suka yi shiru a mota, amma na san abin da suka faɗa a waya washegari. Umaru ya yi fushi, ya daina cin abincinta na ɗan lokaci, ya kira ni yana neman in yi mata faɗa a matsayina na babba. Na ce masa in na zo, goro zan kawo mata.

Abin da ya canza a gidan ɗaya ne, kuma ba shi ya canza shi ba. Rabi ta gaya wa Zahra, a gabansa, cewa daga yau duk wanda ke sama ba ya amsa kiran ƙasa. Mai magana ya hau. Ta faɗa da 'yar muryar da ta rage mata, ba faɗa ba zagi, kuma ba ta janye ba.

Na je gidan wata Juma'a na ga yadda abin ke tafiya. Yana gindin matakala da hula a kai. Ya kira Rabi, shiru. Ya kira Zahra, shiru. Ya juyo gare ni ya ce, "Kin gani ko, Yaya? Gida ya lalace." Na ce na gani. Ya yi ta tsaye yana huci, da ya ga ba sarki sai Allah, ya tattare riga ya hau. Na bi bayansa don kada a ba ni labari.

Ƙofar ɗakin Zahra a buɗe take. Tana gaban madubi, hagu a haɓa, dama a saman kai, tana ƙoƙarin miƙa yatsa ga ɗan matashin da ke rataye ba tare da naɗin ya kwance ba. Umaru ya tsaya a bakin ƙofa. Ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe hannun ba ya isa," ya faɗa a hankali.

Mutumin da ya tashi cikin mata biyar, ya auri ta shida, ya haifi ta bakwai, furfura ta fito masa a gemu, sai ranar ya gano wannan. Zahra ta hango shi ta madubi. Ta nuna matashin da ido ta ce, "Abba, can you?" Ya matso ya zaro fil ɗaya, irin na kasuwa, marar murfi, ya miƙa mata. Ta soka. Ya zaro wani ya tsaya yana jira.

Kada a ɗauka ya shiryu. A makon nan na ji yana gaya wa mutane a masallaci cewa bincikensa ya nuna matsalar ta ƙarancin hannu ce, kuma yana zana wani abu da za a maƙala a madubi ya riƙa miƙo fil. Injin gareji na nan yana narka roba, kan soso na nan da salatif ɗinsa, ana nan ana ce masa Injiniya yana gyaɗa kai.

Zahra dai lafiyarta ƙalau, tana numfashi da huhu biyu ba tabo, kuma ta iya yin shiru in an kira ta. Ranar da na ce wa Rabi ta karanta mana ko gajeriyar sura ce irin ta da, sai ta yi murmushi ta taɓa maƙogwaronta, ta miƙa wa 'yarta Alƙur'anin.